Dutsen Ararat: Yadda Aka Gina Shi, Labaran da Ke Kansa, da Hanyar Hawansa

Kusan kowane yaron da ya taɓa zama a ajin makarantar Lahadi ya san sunan Ararat, domin a nan labarin jirgin Nuhu yake ƙarewa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san inda dutsen da ake kira da wannan suna yake a yau, ko irin dutsen da shi ne. A 'yan shekarun nan kuma hotuna da bidiyo sun cika wayoyinmu, ana cewa an gano jirgin Nuhu, ga katakonsa, ga ɗakunansa. 'Yan'uwa da yawa sukan tura wa juna da murna, wasu har su kawo shi cikin wa'azi. Saboda haka muka ga ya dace mu tattara abin da aka tabbatar game da dutsen a wuri ɗaya, domin mu iya bambance abin da Nassi ya faɗa, da abin da al'ada ta ƙara, da abin da ƙasar kanta take nunawa.

Inda dutsen yake

Dutsen Ararat yana can ƙarshen gabashin ƙasar Turkiyya, tsakanin lardunan Agri da Igdir. Daga ƙwanƙolinsa zuwa iyakar Iran kimanin kilomita 16 ne, zuwa iyakar Armeniya kuma kimanin kilomita 32. Kawuna biyu ne da shi. Babban Ararat yana da tsayin mita 5,137 daga bakin teku, shi ne kuma dutse mafi tsayi a Turkiyya duka. Ƙaramin Ararat yana da mita 3,896. Tsakaninsu akwai wani tudu mai kama da sirdi da ake kira Sardarbulak.

Domin mu gane girmansa, mu tuna cewa Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ararat ya ninka shi har da ƙari. Abin da ya sa yake da kwarjini kuwa shi ne ba ya cikin jerin wasu duwatsu, shi kaɗai ya miƙe daga filin kogin Aras, ya tashi sama da mita 4,000 bisa filin. Wanda yake birnin Yerevan, babban birnin Armeniya, idan gari ya waye garau sai ya ga kamar dutsen yana bayan gidansa.

Kowace al'umma da ke kewaye da shi tana da sunan da take kiransa. Turkawa suna cewa Agri Dagi. Kurdawa, waɗanda su ne suka fi yawa a gindinsa a yau, suna kiransa da sunan da ke nufin dutsen wuta. Farisawa suna cewa Kuhi Nuh, wato dutsen Nuhu. Armeniyawa kuwa tun dā Masis suke kiran babban, ƙaramin kuma Sis.

Yadda aka gina shi

Ararat dutse ne mai aman wuta. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, ya kasu manyan ɓangarori kamar fasasshiyar ƙwarya da aka harhaɗa, kuma ɓangarorin suna motsi a hankali. Ɓangaren da ke ɗauke da ƙasar Larabawa yana turawa arewa kimanin santimita 2 a shekara, yana dannar ɓangaren da ke ɗauke da Turai da Asiya. Wannan dannar ce ta ɗaga tuddan gabashin Turkiyya da Armeniya, ta tsattsage ƙasa, narkakken dutse ya sami hanyar fitowa. Duk lokacin da ya fito sai ya kwarara ya daskare, toka ta rufe shi, wani ya sake hawa kansa. Haka aka yi ta jibga shimfiɗa kan shimfiɗa har dutsen ya kai inda yake. Wanda ya taɓa ganin ƙananan duwatsun aman wuta na wajen Panyam da Kerang a jihar Filato, ko na tudun Biyu, ya ga irin wannan aiki, sai dai na Ararat ya fi su nesa ba kusa ba.

Shi ya sa jikin dutsen baƙin dutse ne da burbushi, mai shanye ruwa. Ko da yake ƙanƙara tana narkewa a samansa kowace shekara, ruwan yakan nutse cikin ƙasa, ba ya zama manyan rafuka. Itatuwa kusan babu, sai ciyawa da ƙaya. Daga wajen mita 4,800 zuwa sama kuwa ƙanƙara ce mai kauri da ba ta ƙarewa rani da damina. Awon da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna faɗinta ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 8 a 1976 zuwa ƙasa da 6 a 2011.

Masana suna cewa dutsen barci yake yi, bai mutu ba. Ranar 2 ga Yuli, 1840, aka yi babbar girgizar ƙasa a yankin. Duwatsu da ƙanƙara da laka suka ɓalle daga babban kwazazzabon Ahora da ke arewa maso gabashin dutsen, suka binne ƙauyen Akori da mutanensa kusan 1,900, tare da gidan masu zuhudu na Yakubu Mai Tsarki da ke sama da ƙauyen. Wasu masana suna ganin har da fashewar tururi daga cikin dutsen a ranar. Tun daga lokacin dutsen bai sake irin wannan motsi ba, amma kwazazzabon yana nan a buɗe kamar tabon sara.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa

A nan ne ya kamata mu karanta a hankali. Farawa 8:4 ba ta ambaci dutse guda ba. Kalmar da ke cikin Ibrananci jam'i ce, wato duwatsu, kuma Ararat a wurin sunan ƙasa ne. Kamar mutum ya ce wani abu ya faru a duwatsun Filato ne, bai nuna maka Shere ko wani dutse guda ba.

Sauran wuraren da sunan ya fito sun tabbatar da haka. A 2 Sarakuna 19:37 da Ishaya 37:38, 'ya'yan Sennakerib sarkin Assuriya biyu, bayan sun kashe mahaifinsu, ƙasar Ararat suka gudu. Tarihi ya sa wannan kisa a shekara ta 681 kafin haihuwar Almasihu. A Irmiya 51:27 kuma an lissafa Ararat cikin mulkokin da za su tasar wa Babila. Wannan ƙasa ita ce rubuce-rubucen Assuriyawa suke kira Urartu, daula mai ƙarfi da cibiyarta take gefen tafkin Van daga ƙarni na 9 zuwa na 6 kafin haihuwar Almasihu. Yanki ne mai faɗi, cike da duwatsu, wanda a yau ya shiga Turkiyya da Armeniya da Iran. Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, da ya zo wannan aya duwatsun Armeniya ya rubuta.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika ji ba. Na ƙarnuka da yawa, Yahudawa da Kiristocin Suriya ba wannan dutse suke nunawa ba. Fassararsu ta Aramiya da ta Suriyanci sun sa wurin a duwatsun Kardu, can kudu kusa da kogin Dijla, inda dutsen Judi yake, kusa da garin Jizre na yau. Tsayinsa bai wuce mita 2,100 da kaɗan ba, kuma yana kallon filayen Mesofotamiya. Sunan Judi ne kuma ya zo cikin Alƙur'ani, a surar Hudu, shi ya sa maƙwabtanmu Musulmi suka fi sanin wannan suna. Sai daga wajen ƙarni na 11 da na 12 ne labarin ya kafu sosai a kan Masis, matafiya Turawa kuma suka liƙa masa sunan Ararat. Ba abin mamaki ba ne, domin shi ne mafi tsayi a yankin, ido kuwa abin da ya fi girma yake bi.

Labaran da ke kan dutsen

Armeniya ce ƙasar da ta fara karɓar bangaskiyar Kirista a matsayin addinin ƙasa, a shekara ta 301 bisa ga tarihin ikkilisiyarsu. Amma tun kafin haka dutsen yana da tsoro a idonsu. Tsoffin labaransu suna cewa manyan dodanni da ake kira bishaf suna zaune a cikinsa, wanda ba wuya a gane dalili ga mutanen da suke jin ƙasa tana ruri a ƙarƙashinsu.

Marubucin tarihinsu, Musa na Koren, ya rubuta labarin wani yarima, Artabazd, wanda mahaifinsa ya la'anta. Wai yana ɗaure da sarƙa a wani kogo cikin Masis, karnuka biyu suna gwaguyar sarƙar dare da rana, ran da ta tsinke zai fito ya hallaka duniya. Saboda haka maƙera sukan buga uwar maƙera a wasu ranaku domin sarƙar ta ƙara ƙarfi.

Da labarin Nuhu ya sauka a kan dutsen sai sunayen garuruwa ma suka sami sabuwar fassara a bakin jama'a. Akori, ƙauyen da ya hallaka a 1840, aka ce ma'anarsa ya dasa inabi, wai nan ne gonar inabin Nuhu ta Farawa 9. Nakciban aka ce masauki na farko. Masana harshe ba su amince da irin waɗannan fassarori ba, amma sun nuna mana yadda mutane suke ƙaunar ganin kansu cikin labarin Allah.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Yakubu, bishop na Nisibis, wanda mutum ne na gaske, yana kuma cikin waɗanda suka halarci majalisar Nikiya a shekara ta 325. An ce ya ƙudura sai ya ga jirgin da idonsa. Kullum idan ya hau ya gaji ya yi barci, sai ya farka ya ga kansa a gindin dutsen. A ƙarshe mala'ika ya ba shi guntun katako, ya ce masa kada ya ƙara gwadawa. Har yau ana ajiye da wani guntun katako a Ecmiyadzin, hedkwatar ikkilisiyar Armeniya, ana danganta shi da wannan labari. Abin lura shi ne, a rubutun farko da ya kawo labarin, a duwatsun Kardu na kudu aka ce abin ya faru. Daga baya ne aka ɗauko shi aka ɗora wa Masis.

Wannan labari ya sa mutane suka gaskata cewa Allah ya hana hawan dutsen. Wani matafiyi ɗan ɗariƙar Faransis, Wiliyam na Rubruk, da ya ratsa yankin a tsakiyar ƙarni na 13, ya ji daga bakin wani dattijo cewa ba a hawa Masis domin ita ce uwar duniya.

A yau dutsen yana tsakiyar tambarin ƙasar Armeniya, da hoton jirgin a kansa, amma ba ya cikin ƙasarsu. Bayan kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa daga 1915, yarjejeniyar Kars ta 1921 ta bar shi a hannun Turkiyya, iyakar ƙasashen biyu kuma an rufe ta a 1993. Saboda haka ga Armeniyawa dutsen ya zama abin tunawa da gidan da aka rasa.

Masu neman jirgin

Tun zamanin dā ake wannan nema. Yusufus, marubucin Yahudawa na ƙarni na 1, ya ce a kwanakinsa ana nuna ragowar jirgin a Armeniya, ya kuma ruwaito cewa mutane sun riƙa kankaro kwaltar jikinsa suna yin laya da ita. A zamaninmu ga kaɗan daga cikin waɗanda suka fi yin suna.

A 1955 wani Bafaranshe, Fernand Navarra, ya sauko da katako da ya ce ya ciro daga cikin ƙanƙara. Da aka yi masa gwajin kabon, wato awon da ake gane shekarun itace, sai aka ga bai kai shekara 2,000 ba. Yawancin sakamakon ƙarni na 7 zuwa na 8 bayan haihuwar Almasihu suka nuna.

A 1959 wani hafsan sojan Turkiyya, Ilhan Durupinar, ya ga wata siffa mai kama da jirgi a hoton da aka ɗauka daga sama, kimanin kilomita 29 kudu da ƙwanƙolin dutsen. Tsawonta ya kai mita 160 da ɗoriya. Ita ce aka fi yawan turo mana a waya. Waɗanda suka je a 1960 suka haƙa, ƙasa da duwatsu kawai suka samu. Masana ilimin ƙasa, har da Kiristoci masu riƙe da labarin ruwan tsufana yadda yake a rubuce, sun bayyana cewa laka ce ta kwararo ta kewaye wani dutse ta ba shi wannan siffa.

James Irwin, wanda ya taka wata a 1971, mai bi ne na ƙwarai. Ya hau Ararat sau da dama daga 1982, har ya faɗi ya ji mummunan rauni. Ya koma gida ya faɗi gaskiya, cewa bai ga jirgin ba. A 1993 kuwa wani gidan talabijin a Amurka ya nuna wani mutum da guntun katako, daga baya mutumin ya fito ya ce bai taɓa zuwa Ararat ba, itacen Kalifoniya ne ya dafa da kayan miya don ya yi kama da tsoho. A 2010 wata ƙungiya daga Hong Kong ta fitar da bidiyon ɗakunan katako a cikin dutsen, amma ba ta nuna wurin don wasu su je su duba ba, wani masani Kirista da ya fara tafiya da su kuma ya ce kai katakon aka yi.

Har zuwa yau babu wani abu da aka samu wanda ya tsaya a gaban bincike. Idan muka tuna yadda dutsen yake, ba za mu yi mamaki ba. Ƙanƙarar saman dutse tana gangarowa a hankali tana niƙe abin da ke cikinta, ga zaftarewar ƙasa, ga girgiza. Mu kuma tambayi kanmu, iyalin da suka sauka a ƙasar da ruwa ya share, suna bukatar rufin ɗaki da itacen wuta, me za su yi da tulin katakon da ke gabansu?

Hawan dutsen

Wanda aka tabbatar ya fara kaiwa ƙwanƙoli shi ne Friedrich Parrot, malamin jami'ar Dorpat da ke ƙasar Estoniya ta yau, ranar 9 ga Oktoba, 1829, bayan ya gwada sau biyu ya kasa. Tare da shi akwai wani matashin dikin na Ecmiyadzin, Kacatur Abobiyan, da sojojin Rasha biyu da ƙauyawa biyu. Abobiyan ya kafa gicciye a cikin ƙanƙara, ya sauko da guntunta a kwalba. Duk da haka malaman ikkilisiya da yawa suka ƙi yarda an hau, domin labarin Yakubu ya riga ya zauna a zukatansu.

A yau mutane da yawa suna hawa kowace shekara. Tun 2004 yankin ya zama gandun da gwamnati ke karewa, kuma baƙo ba ya hawa sai da izini da ɗan jagora mai lasisi. An sha rufe dutsen saboda rikici tsakanin sojoji da 'yan tawayen Kurdawa, rufewa ta baya-bayan nan daga 2015 zuwa 2021.

Hanyar da aka fi bi ta kudu ce, daga garin Dogubayazit. Mota takan kai mutane wajen mita 2,200, daga nan sai ƙafa, dawakai suna ɗauke da kaya. A ƙasa-ƙasa ana ratsa makiyayan Kurdawa da tumakinsu da manyan karnukansu. Zango na farko yana mita 3,200, na biyu yana mita 4,200. Masu hankali sukan hau zango na biyu su sauko su kwana a na farko, domin jiki ya saba da ƙarancin iska. Ranar kaiwa sama ana tashi wajen ƙarfe 1 ko 2 na dare da fitila a goshi, a yi tafiyar awa 5 zuwa 6 cikin duwatsu masu zamewa. Inda ƙanƙara ta fara sai a ɗaura wa takalma ƙarafa masu haƙora. Tafiyar duka kwana 4 zuwa 5 ce, lokacin da ya fi dacewa kuma daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba.

Hanyar ba ta bukatar gwanintar hawa da igiya, amma tsayin ba abin wasa ba ne. A sama, abin da mutum yake shaƙa bai fi rabin na bakin teku da kaɗan ba. Ciwon kai mai tsanani, amai, tangaɗi ko rikicewar tunani alama ce ta cewa a sauka nan take. Iska da hazo kuma sukan taso ba sallama, ko a tsakiyar lokacin zafi.

Abin da za mu riƙe

Ubangiji Yesu ya yi maganar kwanakin Nuhu a Matiyu 24:37-39, marubucin Ibraniyawa ya sa Nuhu cikin jerin masu bangaskiya a 11:7, Bitrus kuma ya kwatanta ceton mutum takwas ɗin nan da baftisma a 1 Bitrus 3:20-21. Babu ko ɗaya cikinsu da ya aike mu neman katako. Alamar da Allah ya bari bayan ruwan tsufana bakan gizo ne, wanda kowa yake gani daga ƙofar gidansa.

Nassi ya kuma nuna mana haɗarin da ke cikin irin waɗannan kayayyaki. Macijin tagulla da Musa ya yi bisa ga umarnin Allah ya zama abin ƙona wa turare, har sai da sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna. Kabarin Musa ma ɓoye shi aka yi. Layar kwalta da Yusufus ya ba da labari ta isa ta gaya mana abin da zuciyar mutum takan yi da guntun abu mai tsarki.

Don haka idan aka turo mana bidiyon jirgin Nuhu, mu tsaya mu tambaya: wa ya gano, su wa suka je suka duba, ina sakamakon gwaji? Gaskiya ba ta bukatar ƙarya ta tallafe ta. Matashin da muka gina bangaskiyarsa a kan hoton waya, ran da ya gane hoton jabu ne yana iya zubar da hoton tare da abin da muka koya masa, alhakin kuwa yana wuyanmu. Ararat dutse ne mai ban mamaki, aikin hannun Mahalicci, ya kuma isa a yi nazarinsa yadda yake. Amma shaidar da muke tsaye a kai ita ce Maganar Allah, da kabarin da aka tarar babu kowa a ciki.